Binciken Asalin Gajeren Suruki

Tun ranar da na dawo daga yamma, masu zaman bencin ƙofar shagona suka hana ni taka keken ɗinki cikin kwanciyar hankali. Wannan ya ce Garba yaya hanyar Anka, wancan ya ce da gaske ne ka kwana da awaki, wani kuma so yake ya ji ko an ba yaron matar. Na gaji da tsayar da ɗinki ina maimaita magana ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ku bar ni in gama kayan mutane.

Ga mafarin, don waɗanda ba su sani ba. Ni tela ne a Gusau, na fi shekara talatin ina awon maza. Yayana uwa ɗaya uba ɗaya shi ne Alhaji Sama'ila ɗan kwangila, wanda Allah ya buɗa wa tun muna da sauran ƙuruciya. 'Yarsa Hafsat, ma'aikaciyar jinya, ta kawo wanda take so, wani malamin lissafi a makarantar sakandare mai suna Nura. Yaro ne mai natsuwa, ga addini, ga ladabi, ba ka jin muryarsa sai an tambaye shi. Aibinsa ɗaya ne a idon Yaya: gajere ne. Ranar da ya zo gaisuwa, samarin gidan biyu, Abba da Khalifa, suka fito raka shi suka sa shi a tsakiya, kansa bai wuce kafaɗarsu ba. Yaya yana kallo ta taga, kafin yaron ya kai bakin get ya sa an kira ni.

"Garba, ka ga abin da yarinyar nan ta jajibo mana?" in ji shi. "Mu gidanmu dogaye ne. Dubi Abba, dubi Khalifa. Tsawo jini ne, gajarta irin wannan kuwa ba ta rasa dalili. Ka je garinsu ka binciko mini asalinsa. In ka tarar da abin da nake zato, magana ta mutu."

Abin da yake zato shi ne yaron jikan bayi ne, ko na wasu talakawan da ba a san kakansu ba. Na dubi Yayan daga sama har ƙasa, abin da bai ɗauke ni lokaci ba. Ni nake ɗinka wa Yaya kaya. Yadin da yake isarsa riga da wando, Khalifa riga kaɗai yake samu a ciki. Hularsa sai an yi masa ta musamman, doguwa, takalminsa kuwa duk masu tudu ne. Amma mutum ne da ya saba in ya yi magana a ce haka ne ranka ya daɗe, ni ma na ce to.

Zan fita Hafsat ta tare ni a bayan motoci, idonta ya yi ja. Ta ce, "Baffa, ka san halin Baba. Kalma ɗaya daga bakinka ta isa ta gyara ko ta ɓata. Shekara uku ke nan muna jira. In wannan ya lalace ba zan sake kawo kowa gidan nan ba." Na ce ta kwantar da hankalinta, alhali nawa ba a kwance yake ba.

Da sassafe na isa tasha, don hanyar nan ba a yi mata sakaci. Duk direban da ke son ransa yana so la'asar ta same shi a cikin gari. Direbanmu wani ƙato ne mai jan ido, kuma yana loda mutane kamar yadda ake loda buhu, gwargwadon jiki. Ya kalle ni sau ɗaya ya ce, "Kai Baba ba ka da jiki, shiga gaba ku zamna ku biyu." Wato tun ban bar Gusau ba an riga an auna ni, ni da na fito awon wani. Na zauna rabi a kujera rabi a kan giya, duk canjin da zai yi sai ya doki gwiwata, kuma ko sau ɗaya bai ce sannu ba.

Ana ta hira a motar, ana zagin tsadar taki, har muka shiga wani daji. Nan kowa ya yi tsit. Direba ya kashe rediyo ya taka mota, wata tsohuwa a baya ta kama salati ƙasa-ƙasa, wanda muke matse da shi a gaba ya zare wayarsa ya tura cikin safa. Na ji tsoro ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Na ce a raina, in aka tare mu a nan aka tambaye ni me ya fito da ni, sai in ce na zo neman dalilin gajartar wani. Ko masu tarewar sai sun yi mini dariya.

Kusa da Anka muka tarar da shingen 'yan sa-kai, samari da bindigogi ƙirar gida da layu a damtse. Ɗaya ya buɗe jakata ya zaro tef ɗin awo ya ɗaga shi sama kamar ya kama maciji.

"Wanga hwa? Awon ramen zinari za ka?"

Na ce, "Ni tela ne, ɗana."

"In kai tela na, ɗunke min wanga." Ya juya ya nuna mini wandonsa da ya yage daga aljihu har gwiwa.

Ina da allura a jikin hula, zare kuwa ba ya barin aljihuna. Haka na durƙusa a bakin titi ina ɗinka wando a jikin mai shi, fasinjoji suna tsaki, direba yana danna ham. Ina ɗinki ina lura. Mutumin nan yana da gemu, ya ce mini 'ya'yansa biyu, amma tsawon ƙafar wandonsa shi ne wanda nake yanka wa ɗan shekara goma sha huɗu a gidajen masu kuɗin Gusau. Bindigarsa da ya jingina ta kusa kai masa kunne. Na dubi sauran abokan aikinsa, duk kusan awo ɗaya ne. Da na gama ya duba ɗinkin ya ce ba laifi, in wuce.

A Anka an kwatanta mini wani tsohon wanzami, Malam Tukur. A can in kana neman asalin gida wurin wanzami ake zuwa, domin shi ya yi wa kowa askin suna da tsaga da kaciya, ya san wanda ya haifi wane. Mu a Gusau yanzu binciken asali bai wuce a tambayi inda mutum yake aiki da irin motar da yake hawa ba. Malam Tukur ya ƙi ko sauraron abin da ya kawo ni sai ya yi mini aski tukuna, wai baƙo ba ya zama a zaurensa da suma. Ga hannu yana rawa, ga ido ya yi rauni. Ya yanke ni wuri uku, kowane yanka sai ya ce kaina ne ba shi da kyan tsari.

Aka kawo hoce mai zafi, wainar dawar nan ta mutanen yamma, da fura. Hocen ya yi daɗi, ban taɓa cin irinsa a Gusau ba. Furar kuwa ruwa ce da aka nuna wa nono daga nesa, aka ƙara mata garin kuka don ta yi kauri. Ya ga yadda nake juya ludayi ya ce, "Sha haka nan. Can dauri in anka dama maka hura garin ga, ludayi tsaye shika yi. Yanzu shanun na hannun mutanen daji."

Da na ambaci sunan kakan Nura sai ya ajiye ludayinsa.

"Bawa Dogo! Kai, wa ab bai san shi ba? Ina yaro ina riƙa ma babana zabira, in yaz zaka aski sai shi zamna ƙasa, ni ina tsaye, kanunmu daidai. Shanu garke biyu, rumbuna har bayan gida. Ɗiyan gidan nono sunka sha awa ruwa. Ɗan asali na gaba da baya, ka hwaɗa ma wanda ya aiko ka."

Na ce, "To uban yaron fa, Umaru?"

"Umaru auta na. Koda yat tashi ciwo ya shiga shanu, abin da yar rage anka raba ma ɗiya goma sha wani abu. Shi bai kai uban ba, amma ba a ce mai gajere. Da zama yag gagara sai yak kwashi iyali yak koma wata tunga yankin Bukkuyum. Can yar rasu."

Wannan bai ba ni mamaki ba, don abin da nake gani ke nan a shago, sai dai a juye. Alhazan da na fara yi wa ɗinki suna samari, 'ya'yan manoma da 'yan dako da suka yi kuɗi daga baya, yau su ke kawo mini 'ya'yansu, uba yana ɗaga kai kafin ya yi wa ɗa magana. Ɗan maigadinsu kuwa awon ubansa nake yanka masa, wani lokaci ma in rage. Sai ka ji Alhaji yana shafa ciki yana cewa yaron nan jininmu ya ɗebo. Wane jini? Jinin da ake sayowa a kanti cikin gwangwanin madara da kiret ɗin ƙwai. Na daɗe ina ganin wannan ina yin shiru, domin tela mai yawan gaskiya ba ya daɗewa da masu kawo shadda.

A zauren Malam Tukur na kwana, kuma gaskiya ne, da awaki. An yi ruwa aka shigo da su, ba wanda ya nemi izinina. Da gari ya waye na tarar wata ta jawo tef ɗina daga jaka ta cinye inci uku na farkonsa. Na zauna ina kallonsa, sai na ga ai yanzu duk wanda na auna da shi zai ƙara tsawo. Har na yi tunanin in kai wa Yaya tsaraba.

Daga Anka na sami mota zuwa Bukkuyum, daga nan kuma sai babur, don tungar ba ta da hanyar mota. Ɗan acaɓan ya ɗauke mu mu uku har da buhun gishiri. Salansar babur ɗin ta ƙona mini gefen kaftani, sabon ɗinki da na sa don a ga mutuncin gidan da ya aiko ni. Da na yi magana ya ce ai kaftanin ne ya cika tsawo. A hanya ya nuna mini gidajen da aka kankare ƙasarsu aka zuba sabuwa, shekarun da gubar dalma ta dutsen zinariya ta kashe yara a yankin. Ya faɗe shi kamar mai nuna gonar wani, ya ci gaba da tuƙi.

Mahaifiyar Nura 'yar ƙaramar mace ce, busasshiya, na same ta tana tsinke ganyen tafasa a faranti. Muka gaisa, ta shimfiɗa mini tabarma a inuwar rumbu. Ban gama kewaye-kewayen da na shirya ba ta katse ni.

"Na san mi at tahe da kai. Kun zaka awon ɗana."

Kunya ta kama ni, na fara ai ba haka ba ne Inna, al'ada ce. Ta shiga ɗaki ta buɗe adaka ta fito da wata riga a naɗe cikin tsohon zane ta miƙo mini. Rigar Bawa Dogo ce, rabon mijinta a gado. Saƙi ne na hannu, baƙi, da aikin allura a wuya irin wanda yau babu mai haƙurin yin sa. Na miƙe na kama kafaɗun rigar na ɗaga hannuna iyakar ƙarfina, gindinta yana nan kwance a ƙasa. Wallahi daɗi ya kama ni, daɗi biyu: na tela da ya ga aiki, da na ɗan aike da ya sami abin da zai rufe bakin wanda ya aiko shi. Na ɗauki hotonta da waya ta gaba da ta baya. Inna tana zaune tana kallona ina rawar jiki a kan rigar mamaci.

Sai da na zauna ta yi magana, ba tare da ta bar tsinkar ganyenta ba.

"Rigag ga ba ta taɓa ciyad da kowa ba gidan ga. Malam ya daɗe kwance kahin shi rasu, ɗiya biyar, babu saniya ko guda. Surhe nika yi gidajen mutane a ba ni tsaki da dusa. In damana ta yi tsakiya, tahwasa ta da rama, in an samu ƙuli a barbaɗa. Akwai shekarad da tun bazara hak kaka sau guda muka ɗora tukunya a wuni. Nura bai san ɗanɗanon nono ba tun da niy yaye shi."

Ta nuna wani turmi da aka kife a gefen danga. "Da zinari yaz zaka, ciki nai nika daka dutse a ba ni na sayen gero. Autana na goye ga bayana. Ba mu san da guba ba. Shi ne munka rasa."

Na ce Allah ya jiƙansa. Ina nan zaune ina neman hanyar sallama, ashe ta riga ta sa maƙwabci ya yanka kaza. Kaza ɗaya na gani a gidan da na shigo, bayan an kawo abinci kuwa ban sake ganin ta ba. Na ce ba zan ci ba, ta ce baƙon da ya zo daga gidan surukai ba ya tashi da yunwa. Na ci. In faɗa muku gaskiya har ƙashi na tauna, domin yunwa nake ji, kuma miyar ta yi daɗi. Da zan tafi ta rako ni bakin danga ta ce, "Ka gaishe min da yarinyar. Ka ce mata ba shi da hwaɗa, kuma ba shi barin abinci ga kwano."

Aikina ya ƙare a nan, amma daga Bukkuyum zuwa Gummi ba nisa, kuma Gummi ce garinmu. Can aka binne cibiyata da ta Yaya, can ƙaninmu Sahabi yake har yau yana su yana noman shinkafa a fadama kamar yadda babanmu ya yi. Na yi shekara shida ban je ba, Yaya kuwa ya fi goma. Na ce in na wuce ban leƙa ba, ranar da labari ya kai musu ba ni da bakin magana.

Sahabi yana hayin gulbi wurin gona, sai da na shiga jirgi. Garin sauka na zame, takalmina ɗaya ya tafi da ruwa, mai jirgin ya bi shi da kallo ya ce ai ya riga ya kai ƙasar Kabi. Haka na isa wurin ɗan'uwana: kai da yanka uku, kaftani a ƙone, ƙafa ɗaya ba takalmi. Ya dube ni ya ce, "Yaya Garba, hwashi anka yi muku?" Na ce a'a, aiken Yaya Alhaji ne.

Da muka koma gida aka kawo tuwon shinkafa da miyar busasshen kifi, ƙanana masu yawan ƙaya. Na ce ina manyan da ake kamawa a gulbin nan? Ya ce, "Kihin kirki ba mu ka cin shi ba, ku ka ci. Tun bakin ruwa aka loda shi mota. Shinkahwa ko, shekarad da ruwa bai cinye ba, sai a saida a sai taki."

Na ba shi labarin abin da ya fito da ni. Da na kai wurin da Yaya ya ce gidanmu dogaye ne, Sahabi ya yi dariya har tuwo ya sarƙe shi, sai da aka ba shi ruwa.

"Gidan wa? Gidan Mamman Guntu? Baba da in yash shiga ruwan da ka kai ma kowa ƙugu, shi ga ƙirji shika kai mai? Ga ƙohwar ɗakinai nan ba a taɓa ta ba. Tambayi Yaya ko ya taɓa duƙawa kahin shi shiga."

Muna cikin haka samarinsa biyu suka shigo gaishe ni, Mustafa da Lawali, sa'o'in Abba da Khalifa, watanni ne kawai tsakaninsu. Na gane kayan jikinsu nan take, domin ni na ɗinka su. Kwancen Khalifa ne da Hajiya matar Yaya take tarawa a aiko musu da Sallah. An naɗe ƙafar wandon sau uku an kama da zare, hannun rigar ya rufe yatsu. Kakansu ɗaya da masu kayan. Lawali, ƙaramin, ƙaƙƙarfa ne, kafaɗa kamar ta mai dambe, amma Sahabi ya ce sau biyu yana zuwa neman aikin ɗamara, sau biyu ana tsayar da shi jikin sandar awo a ce ya koma gida, ko gudun ba a bari ya yi ba. Lawali ya sunkuyar da kai yana murmushin da ba na daɗi ba. Raina ya ɓaci sosai, kuma ba da Yaya kaɗai ba. Ni ma shekarun nan abin da nake aiko musu bai wuce gaisuwa ba.

A motar dawowa na shirya jawabina tsaf. Zan ce masa kakan yaron ya fi duk wanda gidanmu ya taɓa haifa tsawo, yunwa ce ta rage jikan. Zan ce masa mu 'ya'yan Mamman Guntu ne, abin da ya miƙar da Abba da Khalifa a cikin firij ɗinsa yake. Zan ce ya je Gummi ya ga jininsa cikin wandon da aka naɗe sau uku. Har inda zan ɗaga murya na tsara, da inda zan nuna shi da yatsa. Wanda ke kusa da ni ya tambaye ni ko lafiya nake magana ni kaɗai.

Na same shi a falo, sanyin na'ura kamar ɗakin ajiye gawa, samarin nasa sun miƙe ƙafafu har tsakiyar kafet suna latsa waya. Na fara da Bawa Dogo, da garke biyu, da shaidar wanzami, na miƙa masa hoton rigar. Ya gyara tabarau ya buɗa hoton da yatsa biyu, fuskarsa ta washe.

"Allahu akbar! Ashe jikan manya ne! Ban faɗa maka ba, Garba? Tsawo jini ne. Ya tsallake shi ne kawai, a jikokina zai fito."

Sauran jawabin yana kan harshena. Sai na hango ƙafafun Hafsat a ƙarƙashin labulen ƙofar ciki, tana tsaye ba ta motsi. Na san Yaya. In na ambaci Mamman Guntu a gaban 'ya'yansa, zai tashi ya shige ɗaki, kuma auren nan ya mutu, ba don Nura ba, don a nuna mini iyakata. Na haɗiye. Iyakar abin da na iya shi ne na ce na biya Gummi, suna gaishe shi, kuma Lawali an sake mayar da shi gida saboda awo.

"Ai waɗannan uwarsu suka ɗebo," in ji shi, bai ko ɗago daga hoton ba. "Turo mini wannan a wayata."

A makon aka ba su Nura izinin turo magabata, aka sa rana. Masu tambaya ko an ba yaron matar, to an ba shi. Yaya yanzu duk inda ya zauna sai ya fito da hoton rigar, garke biyun nan kuwa na ji sun kai bakwai a bakinsa. Hafsat ta zo har shago ta durƙusa ta yi mini godiya tana kuka, na ce ta tashi, ban yi abin da ya kai haka ba. Ta ɗauka kawaici ne.

Shekaranjiya Nura ya zo awon kayan ango. Ya cire takalmi ya tsaya a gabana, ya yi godiya irin tasa, gajeriya. Ina auna kafaɗarsa ya ce, "Baba, Inna ta ce ka je har gida, ta ji daɗi ƙwarai." Na ce ni ma na ji daɗi, ta karrama ni.

"Me Alhaji ya ce a kanta?"

Na tsaya da tef a hannu. Na tuna zaman falon nan daga farko har ƙarshe. Na ambaci Bawa Dogo, na ambaci shanunsa da rumbunansa, na ambaci wanzami, har akuyar da ta ci mini tef na ambata don a yi dariya. Matar nan ko sau ɗaya ba ta fito daga bakina ba. Ban iya yi masa ƙarya ba, na ce, "Ba mu kai ga maganarta ba."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce, "Kakan nan ban taɓa ganinsa ba, ban taɓa cin ƙwayar geronsa ba. Ita kuwa in ta dawo daga surfe sai ta raba mana abin da ta samo, ta ce ita ta ci a can. Sai da na girma na je gidajen na tambaya. Ba a ba masu surfe abinci."

Don in kawar da maganar na ce akwai yankan da muke yi wa riga, mu teloli, wanda yake sa mutum ya ƙara tsawo a ido, ranar biki ba mai ganewa.

"A'a Baba," in ji shi. "Ka yanka daidai yadda nake. Iyakar abin da Inna ta iya ke nan."

Na durƙusa na kai sabon tef ɗina har idon sawunsa, na rubuta abin da na gani ban ƙara komai ba.